Daga Tumuni Da Sudusi Zuwa Jarrabawar GRE: Abin Da Kalkuleta Ke Ɓoye Wa Mai Neman Digiri Na Biyu

Duk mai kwamfuta zai iya gwada wannan cikin minti ɗaya. Ya buɗe Chrome, ya danna F12, ya shiga wurin da aka rubuta Console, ya rubuta 0.1 + 0.2, sannan ya danna Enter. Amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004. Idan ya gwada a Python ma, ita ɗin ce dai. Ɗan firamare a Bebeji ya san amsar 0.3 ce, amma na'urar da aka zuba wa dubban ɗaruruwan naira ta liƙo wani ɗan 4 a can ƙarshe. Kwamfutar ba ta lalace ba, ba kuma wata cuta ce ta shige ta ba. Haka aka gina ta, kuma haka wayoyin da ke aljihun jama'a suke, sai dai su sun iya ɓoye wannan ɗan guntun kafin su nuna amsa.

Wannan ya shafi matasan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa waɗanda suka gama digirin farko a Jami'ar Bayero, ko ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, suke kuma hangen digiri na biyu a ƙasar waje. Sun riga sun san nauyin ɗigo a lissafi. A tsarin maki biyar na jami'o'in Najeriya, mai 4.50 ya fita da daraja ta ɗaya, mai 4.49 kuwa ya tsaya a ta biyu. Lokacin da gwamnatin Kano ta dawo da tallafin karatu na ƙasashen waje a 2023, da gurbin mutum 1,001 zuwa jami'o'in Indiya da Uganda, masu daraja ta ɗaya aka nema. Tazarar 0.01 ta isa ta bar wani a gida.

Wanda bai samu irin wannan dama ba, ko wanda ya fi son ya nemi gurbi da tallafi da kansa a Amurka, sau da yawa yakan ci karo da jarrabawar GRE ko GMAT. A nan ne ake gane wanda ya san lamba da wanda ya san danna kalkuleta kawai.

Me jarrabawar ke nema?

Hukumar ETS da ke Princeton a Amurka ce ke shirya GRE. Daga watan Satumba na 2023 an gajarta ta, ta koma awa ɗaya da minti 58. Ɓangaren lissafi tambaya 27 ne cikin minti 47: kashi na farko tambaya 12 a minti 21, na biyu tambaya 15 a minti 26. Wahalar kashi na biyu ta danganta da yadda mutum ya yi a na farko. Maki yana farawa daga 130 ya tsaya a 170, sakamakon kuma yana aiki har shekara biyar. Kuɗin rajista ya haura dala 200, wanda a canjin yanzu ba abin da ɗan manomi zai so ya biya sau biyu ba ne.

GMAT kuwa ta masu neman karatun kasuwanci ce. A sabon tsarinta da aka fara a ƙarshen 2023, ɓangaren lissafi tambaya 21 ne cikin minti 45, kuma ba a ba da kalkuleta a wannan ɓangaren sam.

Jami'o'i da yawa sun daina tilasta GRE tun daga 2020, don haka abu na farko shi ne a duba shafin sashen da ake nema kafin a cire ko kwabo. Idan sashen yana buƙata, to abin da zai ba mutane da dama mamaki shi ne lissafin bai wuce na sakandare ba. Babu kalkulas a ciki. Littafin bita da ETS ke bayarwa kyauta, mai suna Math Review, ya fara ne da cikakkun lambobi, sai lambobin kaso irin 3/4 waɗanda a aji ake kira firakshan, sai lambobi masu ɗigo wato desimal, sai lambobin haƙiƙa baki ɗaya. Injiniya zai iya kallon wannan ya yi murmushi, amma tambayoyin an ɗana su ne daidai inda sabo da na'ura ya sa mutum ya daina tunani.

Kaso ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Hausa tana da sunayen kaso tun kafin zuwan boko: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, tumuni, ushiri. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya ji ana aiki da su. A ce magidanci ya rasu a Tudun Wada, ya bar mata ɗaya da mahaifiya da 'ya'ya maza da mata, abin da za a raba kuma ya kai naira 2,400,000 bayan an biya bashi. Matar tana da tumuni, ɗaya bisa takwas. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Malamin da ke rabon ba ya fara mayar da su desimal. Yakan nemi lamba mafi ƙanƙanta da 8 da 6 duk za su raba ba saura, wato 24, ya ce ita ce asalin mas'ala. Tumuni ya zama 3/24, sudusi ya zama 4/24, jimilla 7/24, saura 17/24 na 'ya'ya. Matar ta karɓi 300,000, mahaifiya 400,000, 'ya'ya 1,700,000.

Da wani mai gaggawa zai ɗauko waya ya ce tumuni kusan 0.13 ne, sudusi kusan 0.17, da matar ta tashi da 312,000, mahaifiya 408,000. Naira 20,000 ke nan ta fita daga rabon marayu saboda an datse lamba tun ba a gama lissafi ba. Dabarar malamin ita ce abin da littattafan GRE ke koyarwa da sunan daidaita lambar ƙasa, darasin ma ɗaya ne: a bar kaso a matsayinsa har zuwa matakin ƙarshe.

Haka zakkar amfanin gona. Manomin masara a Doguwa da ruwan sama ya shayar masa da gona yana fitar da ushiri, ɗaya bisa goma. Mai noman rani da ya sayi mai ya zuba wa injin ban-ruwa yana fitar da rabin ushiri. Rabin ɗaya bisa goma shi ne 1/2 sau 1/10, wato 1/20. A buhu 60, na farko zai fitar da 6, na biyu 3. Zakkar kuɗi ɗaya bisa arba'in ce, wadda ita ce 0.025, ita ce kuma kashi 2.5 cikin ɗari. Lamba ɗaya ce da riguna uku, kuma jarrabawar tana son mutum ya gane ta a kowace riga ta fito.

Dattawan da suka yi ciniki kafin ranar 1 ga Janairun 1973, da aka kawo naira, sun fi kowa iya wannan. Fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12. Sisi rabin sule ne, taro rubu'insa, ahu kwabo ɗaya da rabi wato tumunin sule, anini kuma ushirin kwabo. Zuwan naira mai kwabo 100 shi ya mayar da kuɗin ƙasar kan tsarin goma-goma. Ko a tarihin ilimin ma, littafin aljabara da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 820, babban ɓangarensa a kan lissafin gado da wasiyya ne.

Me ya sa wasu lambobi ba sa ƙarewa?

Idan aka raba 1 da 8, za a samu 0.125, magana ta ƙare. Idan aka raba 1 da 6, za a samu 0.16666, shidan ba ta da ranar tsayawa. Akwai ƙa'ida mai sauƙi da ke faɗar wanne zai ƙare tun ba a raba ba. A rage kason zuwa mafi ƙanƙantar sifarsa, a dubi lambar ƙasa. Idan da 2 da 5 kaɗai aka gina ta, kamar 8 da take 2 sau 2 sau 2, ko 40 da take 8 sau 5, desimal ɗin zai ƙare. Idan akwai 3 ko 7 ko 11 a cikin gininta, zai yi ta maimaita kansa. Dalili shi ne goma ita kanta 2 sau 5 ce. Shi ya sa 1/7 ke ba da 0.142857, waɗannan lambobi shida su yi ta zagayowa.

Mayar da mai maimaituwa zuwa kaso ma ba wuya. A kira 0.272727 mai ci gaba da sunan x. Idan aka ninka shi sau 100 zai zama 27.272727. A ɗebe x daga ciki, jelar ta tafi, ya rage 99x daidai da 27. Ke nan x shi ne 27/99, wato 3/11.

Wannan ƙa'idar ce ta fassara abin da ya faru a Chrome. Kwamfuta ba ta ƙirga da goma, da biyu take ƙirgawa, sifili da ɗaya. A wurinta, kason da ke ƙarewa shi ne wanda lambar ƙasansa ta ginu da 2 zalla. Rabi da rubu'i da tumuni suna zama daidai a cikinta. Ushiri kuwa ba ya ƙarewa: 0.1 a tsarinta yakan zama 0.0001100110011 ya yi ta tafiya, kamar yadda sulusi ke yi a tsarin goma. Tunda gurbin ajiya yana da iyaka, dole ta datse. Ƙa'idar IEEE 754, wadda aka kafa a 1985 kuma kusan duk na'urori ke bi, ita ta tsara yadda ake datsewar. Idan aka tara datsattsen 0.1 da datsattsen 0.2, sai ɗan bambancin ya leƙo.

Da yayyafi kogi kan cika. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, lokacin Yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Dhahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami, ya faɗa kan barikin sojojin Amurka, mutum 28 suka mutu. Bincike ya nuna agogon na'urar yana ƙirga lokaci ne da ushirin daƙiƙa, kuma an datse wannan ushirin don ya shiga gurbi mai lamba 24. Bayan kimanin awa 100 tana kunne, kuskuren ya taru ya kai wajen sulusin daƙiƙa, wanda ya isa makami mai irin wannan gudu ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita.

Masu gina manhajojin kuɗi sun san wannan tarko. Shi ya sa tsarin biyan kuɗi na Paystack ke karɓar adadi a kwabo: naira 150.50 ana tura ta a matsayin 15050, cikakkiyar lamba mara ɗigo.

Lambobin haƙiƙa

Umarnin GRE yana faɗa tun farko cewa duk lambobin da ke cikin tambayoyi na haƙiƙa ne. Ma'anarsa ita ce duk lambar da ke da mazauni a kan layin lambobi, wato miƙaƙƙen layi mai sifili a tsakiya, masu ƙaruwa a dama, masu alamar ɗebewa a hagu. A kansa akwai cikakkun lambobi irin 7 da 0 da −3. Akwai masu rubutuwa a kaso, irin 3/11 da 0.125. Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda ba sa rubutuwa a kaso ko kaɗan: desimal ɗinsu ba ya ƙarewa, ba ya kuma maimaita kansa.

Rukuni na ukun nan yana cikin gonaki. Fili mai mita 100 a tsawo da 100 a faɗi hekta ɗaya ne. Manomin rani a ƙasan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, idan yana son jan tiyo daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, tsawon da yake buƙata shi ne 100 sau √2, wato kimanin mita 141.42. Alamar √2 tana nufin lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 2. Wanda ya gwada 1.414 sau 1.414 zai samu 1.999396. Ya kusa, amma bai kai ba, kuma ko lamba nawa aka ƙara a bayan ɗigo ba zai kai daidai ba. Mai sayen tiyo zai sayi mita 142 ya huta. Mai jarrabawa kuwa dole ya san √2 sau √2 daidai 2 ne, ya rubuta hakan ba tare da ya taɓa kalkuleta ba.

Haka π, wadda ake auna da'ira da ita. A makarantun sakandare an saba cewa 22/7 ce, har wasu suka ɗauka gaskiyar ke nan. 22/7 tana ba da 3.142857, π kuwa 3.141592 ce da ɗoriya. Idan aka jera su biyu aka ce wacce ta fi, 22/7 ta fi. Masanin lissafi Al-Kashi ya fitar da ƙimar wannan lamba har zuwa gurbi 16 bayan ɗigo a Samarƙand a 1424, da hannu da alƙalami.

Amfanin sanin wannan a GRE yana fitowa a tambayoyin gwada adadi biyu. Ana ba da adadi A da adadi B, da zaɓi huɗu: A ya fi, B ya fi, daidai suke, ko bayanin bai isa a yanke hukunci ba. Idan tambaya ta ce x, ba ta ce cikakkiyar lamba ba ce, to x na iya zama rabi, ko −2, ko √2.

Tarkuna biyar

Na farko, tsawon jela. A tsakiyar 2024 an yi ta yaɗa hotunan yadda wasu manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, har da ChatGPT na lokacin, ke cewa 9.11 ta fi 9.9, saboda 11 ta fi 9. Mai shago ba zai yi wannan kuskure ba: naira 9 da kwabo 90 ta fi naira 9 da kwabo 11. Maganin shi ne a cike gurabe da sifili har jelar ta yi tsawo ɗaya, 9.90 da 9.11. Darasi na biyu a ciki shi ne mai bita da irin waɗannan manhajoji ya riƙa tantance amsarsu da hannunsa.

Na biyu, tsakanin sifili da ɗaya. An saba idan aka ninka lamba da kanta tana girma: 3 sau 3 tara ne. Amma rabin rabi rubu'i ne, ya ragu. Idan aka ce x ta fi sifili, adadi A shi ne x, adadi B shi ne x sau x, mai gaggawa zai gwada 2 da 3 ya zaɓi B. Da ya gwada 1 zai ga daidai suke, da ya gwada rabi zai ga A ya fi. Amsar ita ce bayanin bai isa ba. Rabawa ma a wannan yanki juyewa take: 10 a raba da 0.5 ashirin ne, domin tambayar ita ce rabin kwano nawa ne a cikin kwano 10.

Na uku, hagun sifili. Rabi ya fi sulusi, amma −1/2 bai kai −1/3 ba. Wanda ake bi bashin rabin buhu ya fi wanda ake bi sulusi nisa cikin rami.

Na huɗu, kashi cikin ɗari. A ce buhun masara a kasuwar Kwanar Ɗangora yana naira 40,000, ya tashi da kashi 20, sannan ya sauka da kashi 20. Bai koma 40,000 ba. Ya hau 48,000, kashi 20 na wannan kuma 9,600 ne, sai ya tsaya a 38,400. A taƙaice 1.2 sau 0.8 shi ne 0.96. Irin wannan ne a taki: buhun NPK 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na sinadarin naitirojin, buhun yuriya mai kashi 46 kuwa kilo 23. A kullum tambayar ita ce, kashi nawa na me?

Na biyar, desimal a kan lokaci. Minti 47 a raba wa tambaya 27, kalkuleta za ta ce 1.74. Wannan ba minti ɗaya da daƙiƙa 74 ba ne. 0.74 na minti wajen daƙiƙa 44 ne, domin minti 60 ake kasa shi, ba 100 ba. Wato kowace tambaya tana da kimanin daƙiƙa 104.

Kalkuletar da za a tarar a ɗakin jarrabawa

Ɗaliban kimiyya a Kano sun saba da Casio fx-991ES, wadda ke da maɓallin S⇔D da ke juya kaso ya koma desimal ko desimal ya koma kaso. Ba a shiga GRE da ita, ba a shiga da waya. Abin da ake bayarwa wata 'yar kalkuleta ce a fuskar kwamfuta, mai tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da alamar √, da baka biyu da ɗan gurbin ajiya. Ba ta da maɓallin kaso, kuma lamba takwas kaɗai take iya nunawa. Idan aka raba 1 da 3, za ta nuna 0.3333333. Wanda ya kwafi wannan ya ninka sau 3 zai samu 0.9999999. Idan tambaya ta jera 1/3 da 0.3333333, fuskar kalkuleta za ta sa a ce daidai suke, alhali sulusi ya fi, tunda nasa ukun ba su ƙare ba.

Tana kuma bin ƙa'idar fara ninkawa da rabawa kafin tarawa da ɗebewa. Wanda ya danna 200 + 50 × 3 zai ga 350. Ƙaramar kalkuletar kanti, irin ta masu sayar da hatsi, za ta ba da 750, don ita bi da bi take yi. Duk wanda ya saba da ta kanti sai ya kula.

Sau da yawa hannu ya fi ta sauri. Don gwada 5/8 da 7/11, a ninka a giciye: 5 sau 11 ya ba da 55, 7 sau 8 ya ba da 56, ke nan 7/11 ta fi. Kuma yana da kyau a haddace 'yan kaɗan kamar karatun allo: tumuni 0.125, sudusi wajen 0.167, humusi 0.2, 3/8 kuma 0.375, 1/9 wajen 0.111, √2 wajen 1.41, √3 wajen 1.73.

Masu bita da Excel su ma akwai abin lura. Idan aka rubuta 1/2 a gurbi, yakan ɗauka kwanan wata ne. Sai an rubuta sifili, a bar tazara, sannan 1/2. Kuma idan an umarce shi ya nuna lamba biyu bayan ɗigo, nunawa kawai ya rage, sauran suna nan a ciki yana lissafi da su, har zuwa lamba 15.

Rubutawa daga gida

Cibiyoyin jarrabawar suna manyan birane irin Abuja da Legas. Ga wanda ke Riruwai ko wani ƙauye a bayan Dajin Falgore, wannan na nufin kuɗin mota da masauki a kan kuɗin rajista. Tun 2020 ETS ta buɗe damar rubutawa daga gida, mai sa ido yana kallo ta kyamara. Sharuɗɗan suna da tsauri. Sai da kwamfutar tebur ko laftof, ba a yarda da waya ko tablet ba. Sai da kyamara da makirfo da lasifika, ba a sa abin kunne. Ɗaki ya zama ba kowa sai mai jarrabawa, ba mai shigowa. Ba a rubutu a takarda kamar yadda aka saba, sai a ɗan farin allo da alƙalamin da ke goguwa, ko takardar da aka saka cikin leda mai haske, a goge a gaban mai sa ido idan an gama. Yana da kyau a fara tabbatar da cewa jami'ar da ake nema tana karɓar sakamakon gida.

Inda wuta ba ta zama, sai a yi lissafin batir, shi ma kuwa darasin kaso ne. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. Irin na ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, saura 600. Idan inbata ta ci kashi 15 cikin ɗari, 600 sau 0.85 ya zama 510. A ce laftof na jan wat 60, na'urar intanet 10, ƙwan fitila 10, jimilla 80. 510 a raba da 80 ya ba da 6.375, wato awa 6 da 3/8 na awa, minti 22 da rabi. Ya isa jarrabawar awa biyu har da rara. Abin da ya fi wuya shi ne intanet mai ɗorewa. A gwada layin a ɗakin da za a zauna, a daidai lokacin da za a rubuta, kwanaki da dama a jere, da manhajar gwajin kayan aiki da ake bayarwa kafin ranar. Idan yana yankewa, gara a nemi ɗaki a Kano ko Zariya.

Yadda za a shirya

Kayan bita na asali kyauta ne. Math Review ana sauke shi sau ɗaya a karanta a waya ba tare da data ba. Gwajin POWERPREP da ke shafin ETS yana da fuska da kalkuleta irin na ranar jarrabawa, don haka a kwamfuta ya kamata a yi shi, da agogo a kunne. Khan Academy na da bidiyoyi a kan kaso da desimal, waɗanda za a iya saukewa lokacin da data ta yi arha a kalla daga baya.

Tsarin da ke aiki shi ne a ajiye kalkuleta a makonnin farko. Kowace tambaya a fara kintata amsarta a ka, sannan a warware da hannu, sai a ƙarshe a tambayi na'ura. Duk inda aka ga x a tambayar gwada adadi biyu, a jarraba ta da lambobi iri biyar: sifili, ɗaya, wata babba, wani kaso tsakanin sifili da ɗaya, da wata mai alamar ɗebewa. A buɗe littafi na musamman a riƙa rubuta kowane kuskure da dalilinsa, domin mafi yawan kurakurai iri uku ko huɗu ne ke ta dawowa da sabbin kaya.

Sauran atisayen yana kasuwa. Idan buhu ya ɗauki kwano 40, kwano 15 nawa ne na buhu? 15/40 ne, wato 3/8, wato 0.375, wato kashi 37.5 cikin ɗari. Dillalin shinkafa a Tudun Wada zai faɗi kuɗinsa kafin mai digiri ya zaro waya daga aljihu. Mai shirin GRE da ya zauna kusa da shi ranar kasuwa, yana mayar da kowane ciniki zuwa kaso da desimal a ransa, ya yi bitar babi biyu na Math Review ba tare da ya ƙona data ko ta sisi ba.